Hankakan Rana ta Goma

Tun ranar da aka ƙona gawar Mukund Joglekar, muryarsa ba ta fasa kira a gidansa ba. Da hantsi ya ɗaga sai a ji ta daga cikin jakar yayansa Dinkar: "Mukund, kai ɗan nema, tashi ka sha maganinka!"

Shi da kansa ya ɗauki muryar a waya bara, lokacin da likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini. Ya maƙale murya yana kwaikwayon mahaifiyarsa, ya mai da abin ƙararrawar tuni. A lokacin kowa ya yi dariya, har da ita tsohuwar. Yanzu ba mai iya cire ta, don wayar ba ta buɗuwa sai da babban yatsansa, yatsan kuwa ya zama toka, tokar ma ta bi ruwan kogin Godavari. Abin da Dinkar ke iyawa kawai shi ne ya lalubo wayar ya danne ta ta yi shiru, ya mayar cikin jaka. Kashe ta gaba ɗaya kuma ba ya yi, saboda har yanzu manoman inabi na kira suna neman mutumin da ke auna musu ƙasar gona, sai an gaya musu.

Manjiri, matar mamacin, kullum ta san lokacin kafin ya yi. Sai ta ajiye abin da ke hannunta ta tsaya, ta jira kiran ya zo ya wuce, kamar mai jiran jirgin ƙasa ya gifta.

A kusurwar falo, inda aka shimfiɗe mamacin, fitilar mai na ci ba dare ba rana. An ce yana nan tare da su har rana ta goma, bai zama na can ba, bai kuma koma na nan ba. Manjiri malamar lissafi ce a sakandare, ba ta taɓa ɗaukar irin wannan zance da nauyi ba. Amma ga silifas ɗinsa a bakin bayi, kuma kowace safiya sai ta ga kamar ba a yadda ta bar su suke ba. In ta shiga kicin ɗebo ruwa, sai ta ji ƙamshin man kwakwar da yake shafawa a kai, ta ji kamar mutum na tsaye a bayan kafaɗarta zai tambaye ta inda ta ajiye masa tabarau. Ba ta waiwayawa. Ita kanta ba ta san abin da take tsoro ba, ta gan shi ne ko kuwa ta ga bango.

'Yarsu ɗaya, Ketaki. Ita ce ke kwana a gefenta yanzu, a wurin ubanta.

Ketaki ta nemi wata jami'a a Amurka mai ba da cikakken tallafin karatu, ta cike komai ta tura. Saura abu ɗaya: sakamakon jarrabawar shiga. Jami'ar ba ta karɓar maki daga bakin ɗalibi. Dole ɗalibi ya shiga shafin hukumar jarrabawar ya ba da umarni, ita hukumar ta aika da kanta. Sakamakon ya fito da daɗewa, kuma ya yi kyan da Mukund ya raba wa maƙwabta alewar madara a kowane hawa na benensu. Ran nan Ketaki ta ce a aika.

"Yau?" in ji shi. Ya je gaban kalandar bango, ya bi layin da yatsa. "A'a, Ketu. Yau wata na raguwa. Abu mai girma haka ba a fara shi ranar da aka ga dama. Ga Alhamis can da tauraro mai kyau ya faɗo a kanta, kuma akwai sauran lokaci bayanta."

Mutumin da ke wuni da kwalabe da ma'auni, wanda ba ya yarda da maganar manomi sai ya gwada ƙasar da hannunsa, shi ne ba ya sayen ko tukunyar gas sai ya duba kalanda. Ranar Laraba da yamma, ana gobe Alhamis ɗin, ya faɗi a bakin matakala, da ledar tumatir a hannu, bai ƙara tashi ba.

Tun asali da lambar wayarsa ya yi wa Ketaki rajista, don yana son komai ya fara biyowa ta wurinsa. Saboda haka duk wanda zai aika sakamakon, sai an turo lambar sirri zuwa wannan wayar. Saƙon kan fito a fuskarta ko tana kulle, karantawa kawai za a yi. Ketaki ta gwada sau ɗaya a farkon zaman makoki. Wayar ta yi ƙara a jakar Dinkar, ya duba, ya fito falo gaban masu gaisuwa.

"Ke Ketaki, tokar ubanki ba ta huce ba kina neman hanyar Amurka?"

"Baffa, lambar kawai za ka karanto mini. Ranar da za su rufe karɓa ita ce rana ta goma, ranar da za mu je kogi."

"To su jira. Gidan da ke cikin dauɗar mutuwa ba ya fara sabon abu, ko yaro ya san wannan. A gama sadakar sha uku tukuna."

"Ba sa jira, Baffa. Sai baɗi, kuma tallafin ba lalle..."

"Baɗin ma ai shekara ce. Ga jami'o'i nan a Nashik, ga su a Pune. Ke ba ki ma tambayi kanki wa zai zauna da uwarki ba?"

Ba mugu ba ne Dinkar. Shi ya ɗauki tukunyar wuta a gaban gawa, shi ya aske kansa tunda babu ɗa namiji, kuma Manjiri ta sha jin kukansa ta bayan ƙofar bayi, ya saki famfo don kada a ji. Ketaki ta nemi a sauya lambar a shafin, aka ce aikin zai ɗauki lokacin da ya wuce wanda ya rage mata. Daga nan ta haƙura. Ta dai dubi uwarta ranar, kallo guda, Manjiri kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta.

Kalma ɗaya ce za ta faɗa. Wayar mijinta ce, a gidanta ake. Amma duk lokacin da ta buɗe baki sai ta hango gidan bayan baƙi sun watse: fitila a kashe, gado mai faɗi, silifas a bakin bayi, ita kaɗai da abin da ke tsayawa a bayan kafaɗarta. Sai ta ce wa ranta ai ba ita ta hana ba. Al'ada ce ta hana, Dinkar ne ya hana. Kwanaki suka yi ta wucewa da kansu, ita ba ta tura su ba, ba ta kuma tare su ba.

Surukarta, Inna Indu, ita ce kaɗai ta taɓa maganar. Tsohuwa ce da ta yi aikin haɗa magani a asibiti har ta yi ritaya, ƙaramar mace mai kaifin baki. Ana gobe za a je kogi, maƙwabta suka kawo gurasar dawa da miyar garin wake, suna ci su biyu a kicin, sai tsohuwar ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Na haifi sakarkaru biyu. Ɗaya ya jira Alhamis, ɗaya yana jiran sha uku."

"Inna, Yaya ya fi mu sanin abin da ya dace."

"Dinkar? Dinkar da sai da ya shekara tara yana sa takalmi a juye? Ke dai ki ce abin ya yi miki daidai."

Manjiri ta ajiye gurasar. Tsohuwar ta miƙa mata kofin ruwa.

Rana ta goma suka sauka bakin kogi da sassafe. Matakalan dutse sun riga sun cika, kowane gida da gungunsa, maza da sabon aski suna rawar sanyi cikin farin zane. Malamin ibadar da suka ɗauka, wanda kowa ke kira Guruji, ya zaunar da Dinkar ya yi ta karanto masa yana maimaitawa. Aka dafa shinkafa aka dunƙula, aka yayyafa baƙin riɗi, aka jera dunƙulen a kan ganye a wani dutse mai faɗi. Kowa ya zo ya durƙusa ya zuba ruwa. Sannan aka ja da baya kaɗan, aka tsaya jiran hankaka.

In hankaka ya sauko ya taɓa shinkafar, mamaci ya tafi da zuciya wankakkiya. In ya ƙi, akwai abin da ya bari bai cika ba, kuma sai 'yan'uwa sun gano shi sun yi alkawari da baki.

Hankaki kam ga su nan birjik a kan katangar ɗakin bauta da wayoyin lantarki. Dunƙulen gidan da ke hannun dama, tun kafin su gama ja da baya aka sauko aka wawashe, suka tattara suka tafi suna share hawaye da murmushi. Na hagu ma haka. Na Mukund kuwa ko kallo. Ɗaya ya sauko ya yi taku biyu wajen dutsen, ya karkata kai, ya dubi mutanen da ido ɗaya, ya tashi.

"Sun ƙoshi ne," in ji Inna Indu, tana zaune a matakala da sandarta. "Tun asuba ake ɗura musu shinkafa. Kuma kun tsaya musu a ka kamar masu karɓar haraji. Ni ma ba zan ci ba."

"Inna, don girman wurin nan ki yi shiru," in ji Dinkar.

"Na ubanku, Guruji bai gama gyara zama ba suka cinye. Shi kuwa ya bar rufin gida a buɗe da ƙara a kotu."

Ba wanda ya yi dariya. Rana ta fara zafi. Wata gwaggo da ta zo daga Dhule ta matso kusa da wata tana raɗa, amma irin raɗar da ake so a ji: mutum ba ya maƙalewa haka banza, a tambayi matar, ita ta san abin da ke tsakaninsu. Manjiri ta ji idanu na sauka a kanta ɗaya bayan ɗaya.

Guruji ya yi gyaran murya. "To, a fara. Babba ya fara."

Dinkar ya je gaban dutsen ya haɗa tafin hannu. "Mukund, ƙanena. Inna tana hannuna. Ba za ta nemi komai ta rasa ba."

Aka jira. Hankaki suka ci gaba da gyaran fiffike.

"Ya san ni ke riƙe da kai, ba kai ke riƙe da ni ba," in ji tsohuwar.

Dinkar ya share fuska. "Mukund, matarka 'yar'uwata ce. Gidanka ba zai rufe ba." Ba hankakan da ya sauko. "Ketaki 'yata ce. Zan tsaya a kanta, tana gabana, tana kusa da uwarta, har ta gama karatu. Ba abin da zai taɓa ta."

Hankakan da ke kan wayar lantarki mafi kusa ya buɗe fiffike. Kowa ya riƙe numfashi. Sai ya juya musu baya ya fuskanci kogi.

Manjiri ta dubi Ketaki. Yarinyar na tsaye can gefe cikin fararen kaya, ta rame, ta ƙura wa ruwa ido. Ba ta kuka, ba ta kuma kallon kowa. Haka fuskar Mukund ke zama in ya gama fushi ya haƙura, kuma Manjiri ta san wannan haƙurin ba ya warkewa. Za ta zauna, za ta yi mata shayi kowace safiya, za ta kwana a gefenta, da wannan fuskar.

Guruji ya dubi agogonsa, akwai wani gida na jiransa. Ya zaro ciyawar ibada daga jakarsa ya fara murɗawa. "Ba komai," ya ce. "In sun ƙi, akan ƙulla hankaka na ciyawa a taɓa da shi. Littafi ya yarda."

"Littafi ya yarda a yi wa mamaci wayo," in ji Inna Indu. "Madalla da littafi."

A daidai nan ne, daga cikin jakar Dinkar da ke ajiye a matakala, muryar ta tashi, tsaf, har da 'yar dariyar da yake dannewa a ƙarshe:

"Mukund, kai ɗan nema, tashi ka sha maganinka!"

Gwaggon Dhule ta ƙwalla ƙara. Mutanen wani gungu suka waiwayo. A gida an saba da abin, amma nan, a gaban shinkafarsa, a bakin ruwan da ya tafi da tokarsa, har Guruji sai da ciyawar ta suɓuce masa. Dinkar na can gaban dutse, hannunsa duk shinkafa da riɗi. Muryar ta sake kira. Inna Indu, wadda aka kwaikwaya, ta rufe bakinta da gefen zane, kafaɗunta na girgiza, karo na farko tun ranar Laraba.

Manjiri ce ta fi kusa da jakar. Ta durƙusa ta zuge ta, ta ciro wayar. Da ɗumi, kamar yanzu aka cire ta daga aljihun rigarsa. Ta danne ta ta yi shiru. Ba ta mayar ba.

Ta taka zuwa gaban dutsen. Ba ta yarda cewa mijinta na cikin tsuntsu ba, ko a lokacin ma. Amma ta san abin da ya bari, ta san shi tun ranar farko, kuma duk wanda ke wurin ya sani.

"Baban Ketaki," ta ce, da ƙarfin da na baya za su ji, "sakamakon 'yarka bai tafi ba. Yau za su rufe. Zan aika."

"Manjiri," in ji Dinkar a hankali, "ba a gama..."

"Yaya, kai ka yi naka alkawarin uku, ba wanda ya katse ka. Wannan nawa ne."

A wannan wurin ba a hana mutum alkawari, ko shi wane ne. Aka ɗaga kai ana duban katanga. Ba abin da ya motsa.

"Zan aika, zan aika," in ji Inna Indu, murya a dishe. "Wa kike gaya wa zan? Shi ne sarkin zan. Da zan ya tafi. In za ki yi, ki yi yana kallo."

Manjiri ta juya. "Ketu, wayarki na nan?"

Yarinyar ta dube ta kamar ba ta gane yaren ba. Sannan ta laluba cikin mayafi da sauri. Sai da ta yi kuskuren kalmar sirri ta sake. Hasken rana ya hana ganin fuskar wayar, suka hau matakala zuwa inuwar katanga. Dinkar ya bi su yana cewa a bari a tambayi Guruji, Guruji ya bi Dinkar yana cewa shi dai bai taɓa ganin inda aka rubuta hani a kan waya ba, gwaggon Dhule ta bi don kada a ba ta labari. Cikin ɗan lokaci duk gungun ya tattare a inuwa, an yi da'ira ana leƙe.

"Ga sunan jami'ar... Mama, sun turo. Duba."

Wayar Mukund ta yi 'yar girgiza a tafin Manjiri. Fuskar ta haska: hotonsu su uku a gonar inabi, shi a tsakiya ya runtse ido ɗaya saboda rana, lambobin sun fito a kan ƙirjinsa. Ta karanto su ɗaya-ɗaya, da muryar da take yi wa 'yan aji shifta. A na ƙarshe ta ɗan tsaya. Ketaki ta ɗago ta dube ta. Ta faɗa.

Alamar jira ta yi ta juyawa a wayar Ketaki, sabis na bakin kogi ba shi da ƙarfi. Sai Ketaki ta sauke numfashi ta juyo da wayar: an karɓi umarni, da kwanan watan yau a ƙasa.

"Kai! Ku duba!" in ji Guruji.

Suka waiwaya. A kan dutsen, dunƙulen tsakiya ya fashe, shinkafa ta warwatse a kan ganye. Babu tsuntsu a wurin. Na kan katanga suna nan yadda suke, ba a san wanne ba ne, ba kuma wanda ya ga saukarsa.

Dinkar ya zube a matakala ya fashe da kuka, wannan karon ba famfo. "Ya karɓa. Mukund, ka yafe mini, ban sani ba. Ketaki, zo nan, zo 'yata."

"Kun matsa ne kawai," in ji Inna Indu. "Tun ɗazu nake faɗa." Amma ita ba ta bar wurin zamanta ba, fuskarta na wajen dutsen tun farko. Manjiri ta zo ta tsuguna kusa da ita.

"Inna, kin gan shi?"

Tsohuwar ta daɗe tana murza kan sandarta. "Idona ba ya gani da nisa," ta ce. "Tashe ni, ƙafata ta yi tsami."

Da suka koma gida aka kashe fitilar kusurwa, aka wanke falo, aka buɗe tagogi. Manjiri ta shiga kicin ɗora shayi. Ta tsaya gaban murhu tana jira, ta ba ƙofa baya. Ba ƙamshin man kwakwa, ba kowa a bayan kafaɗarta. Kicin ne kawai, da ƙarar babura daga titi. Daga ɗaki tana jiyo Ketaki na waya da ƙawarta, murya ƙasa-ƙasa, tana tambayar irin rigar sanyin da ake bukata a can.

Dinkar ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa yana shafa askinsa.

"Wayar nan, ko in kai wa masu gyara su cire muryar? Cajin ma ya kusa ƙarewa. In an bar ta za ta mutu da kanta."

"Bar ta a nan, Yaya."

Da ya fita, ta jawo abin cajin Mukund daga bayan gwangwanin sukari, inda yake ɓoye shi don kada Ketaki ta ɗauka. Ta jona wayar, ta jingina ta a kan kantar kicin kusa da kwalbar maganinsa, sannan ta sauke shayin.